Wa Zai Kai Fure Wurno?

A ɗauka ga wani matashi ɗan asalin Wurno wanda aiki ya kai Abuja. Da hantsi aka buga masa waya cewa ƙanwarsa ta sauka lafiya, an sami 'ya mace. A ofishin da yake aiki ya saba ganin abokan aikinsa, idan irin wannan abin farin ciki ya samu, suna danna waya su biya kuɗi, kafin la'asar ɗan aike ya isa gidan mai jego da damin furanni da 'yar takardar barka. Shi ma sai ya buɗe ɗaya daga cikin shafukan masu wannan sana'a, ya shiga neman garinsu a jerin wuraren da suke kai kaya. Zai ga Legas da Abuja da Fatakwal. Wurno kuwa ba zai gan ta ba, balle Rabah ko Goronyo.

Abin da zai yi daga nan duk mutumin gabashin Sakkwato ya san shi. Zai rufe shafin, ya kira wani mai shago a bakin kasuwar garinsu wanda suka yi makarantar allo tare. Bayan gaisuwa sai ya ce masa: "Malam, don Allah ka haɗa mini turmin atamfa da sabulu da kayan yaji, ka ɗora ƙwaryar goro a kai. A kai gidanmu a ba Inna, ita za ta kai wa mai jego." Sai ya tura kuɗin ta waya. Kafin magariba ɗan kabu-kabu ya sauke kaya a ƙofar gida, Inna kuma ta kira ɗanta tana sa masa albarka.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka cewa matashin ya nemi abin zamani ya rasa, ya koma ga na gargajiya don dole. Wannan fahimta tana da rauni. Abin da ya yi da mai shagon nan shi ne ainihin dabarar da cinikin furanni na duniya ya ginu a kanta tun fiye da shekara 100, kuma garuruwan gabashin Sakkwato sun iya ta ba tare da wani ya koya musu ba. Rashin fure bai taɓa hana su zumunci ba. Abin da ke barazana ga zumuncin shi ne lalacewar abubuwan da saƙo ke tafiya a kansu, wato hanyar mota da layin waya da kasuwa, kuma nan ya kamata hankalin hukuma da na masu son kawo sabon tsari ya koma.

Yadda fure ke tafiya a inda ake aika shi

A 1910 wasu masu shagunan furanni a Amurka suka kafa ƙungiyar da aka fi sani da FTD. Matsalarsu a lokacin ita ce mutum yana gari guda, wanda yake so ya aika wa yana wani gari mai nisan kwanaki, fure kuwa ba ya jure tafiya. Sai suka yi yarjejeniya: mai saye ya biya a shagon garinsu, shagon ya buga wayar tangaraho ga wani shago a garin da za a kai, wancan ya haɗa furen da ke hannunsa ya kai, daga baya a yi lissafi tsakanin shagunan. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tsarin ya haɗe da na Ingila da na sauran Turai a ƙarƙashin sunan Interflora. Umarni da kuɗi su ke ƙetare ƙasa da teku, furen yana nan kusa da ƙofar wanda za a ba.

Wannan tsari yana da sharaɗi guda: sai akwai mai shagon fure a kusa. A ƙananan garuruwan Amurka da Turai ma, inda shagon ɗaya ne ko babu, oda kan yi jinkiri ko a mayar da kuɗi. Da intanet ta zo kuma, sai aka sami 'yan tsakiya waɗanda ba su da shago ko lambu, aikinsu karɓar oda a shafi su tura wa mai shagon garin bayan sun yanki kasonsu. Mai shagon da ya haɗa furen, ya ƙona man mota ya kai, shi ke karɓar abin da ya rage, mai saye kuma ya ga dami ƙarami bai kai kuɗin da ya biya ba. Shi ya sa shawarar da aka fi ba mai son aika fure ƙaramin gari a can ita ce ya nemi lambar mai shagon garin ya kira shi kai tsaye. Ɗan Wurno na Abuja abin da ya yi ke nan.

Shi kansa mai shagon na Turai ba daga bayan gidansa yake tsinko wardi ba. Da yawa daga furannin da ake sayarwa can ana noma su ne a gefen tafkin Naibasha na Kenya, ko a Habasha, a ɗauke su a jirgin sama zuwa Holan, inda kasuwar gwanjon Aalsmeer take, sannan a rarraba. Tun daga yanka har zuwa shago furen yana cikin sanyi irin na firji, daga ɗakin sanyi zuwa motar sanyi zuwa jirgi. A Najeriya tsaunukan Jos ne ke da yanayin da ya dace da irin wannan noma, kuma daga Jos zuwa Sakkwato tafiyar yini ce cur. A watan Afrilu ma'aunin zafi a Sakkwato kan haura 40. Duk wanda ya ɗora damin wardi a bayan motar haya zuwa Goronyo a irin wannan rana, ciyawa zai sauke.

Goro ya riga fure

Masanin al'adun nan na Ingila, Jack Goody, wanda ya daɗe yana bincike a arewacin Gana, ya wallafa littafi a 1993 a kan matsayin fure a al'adun duniya. Abin da ya ja hankalinsa shi ne yawancin al'ummomin Afirka kudu da Sahara ba su mayar da yankakken fure abin kyauta ko ado ba, saɓanin Indiya da Sin da Turai. A ƙasar Hausa lurar tasa tana da tushe. Bahaushe ya san fure sarai, amma ya fi duban abin da zai haifar. Manomin fadamar Wurno da Goronyo yakan bar wani sashe na albasarsa ta yi huda, kawunan furenta farare tas a tsakiyar rani, don ya sami iri na baɗi. Bado yana fure a kan ruwan fadama, 'ya'yansa ake nema. Zoɓo, wanda Najeriya ke fitarwa busasshe har Meziko, sha ake yi. Lalle ganyensa ake daka wa amarya. Furen da ya shiga ɗakin aure da sunan ado shi ne na roba, wanda ake jerawa a kan kabet, domin shi ba ya neman ruwa kuma zafi ba ya kashe shi.

Aikin da fure ke yi wa Bature, a nan goro ne ke yin sa. Da goro ake neman aure, da shi ake gayyatar suna, shi ake raba wa dattawa a wurin ɗaurin aure, har sunansa ya zama sunan kyauta: goron Sallah, goron albishir, goron gayyata. Abin lura kuma, goro ba ya fita a ƙasar Hausa. Ɗan kurmi ne, kuma kamar fure, ba ya son zafi da bushewa. A ƙarni na 19 fatake kan tashi ayari guda ƙarƙashin madugu, su tafi Gwanja, su sayo shi a kasuwar Salaga, su biyo ta Bargu su ƙetare Kwara zuwa Jega da Sakkwato da Kano, tafiyar watanni a kan jakai. Suna naɗe shi cikin ɗanyen ganye, suna yayyafa ruwa, suna kwancewa lokaci lokaci su tsince wanda ya fara ruɓa kada ya shafi sauran. A yau daga Shagamu da Ondo yake zuwa a mota, amma huhu da ganye da yayyafi suna nan. Mutanen da suka iya kawo abu mai saurin lalacewa daga kurmi zuwa bakin hamada tun kafin a san firji, ba za a ce musu ba su san harkar kai saƙo ba.

Wurno musamman ba baƙuwar saƙo ba ce. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina ta a matsayin ribaɗi, ya zauna a cikinta, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma hubbarensa yake. Ɗansa Aliyu Babba shi ma a Wurno ya fi zama, kuma a zamaninsa ne matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya sauka a garin a 1853. A waɗannan shekaru wasiƙun sarakunan daula da gaisuwarsu nan manzanni ke kawo su. Rabah, a bakin gulbin Sakkwato, ita ce mahaifar Sardauna Ahmadu Bello. Goronyo kuwa madatsar ruwanta a kan gulbin Rima, wadda aka kammala a shekarun 1980, ita ke riƙe da noman rani na dubban gidaje da ruwan shan birnin Sakkwato. Garuruwa ne da suka saba aikawa da karɓa.

Hannuwan da saƙo ke bi

Buƙatar aika saƙo gida ta samo asali ne daga cin rani. A rani na 1952 zuwa 1953, ƙidayar da masanin labarin ƙasa Mansell Prothero ya nazarta ta nuna kimanin mutum 250,000 sun bi hanyoyin Lardin Sakkwato suna neman kudu. Jikokinsu su ne a yau ke dako da gadi da sayar da albasa da tuƙa babur a Legas da Ibadan da Onica da Abuja. Kowane ɗayansu yana da uwa ko mata ko 'ya'ya a gida, kuma kowane wata akwai abin da zai aika.

Hannu na farko da saƙon ke bi shi ne na direban motar haya. A je tasha, a sami ɗan kamasho, a nuna kaya, a biya kuɗin saƙo, a rubuta lambar wayar mai karɓa a jikin kwali ko buhu. Direba ya kama hanyar Achida, idan ya kusa sai ya kira. Hannu na biyu shi ne na mai shago ko mahauci ko mai hatsi na garin, wanda ake tura wa kuɗi ya haɗa kaya daga abin da ke gabansa. Na uku shi ne mai POS, wanda ke mayar da kuɗin waya tsabar da za a iya riƙewa a hannu. A garin da reshen banki ya yi ƙaranci ko babu shi, rumfar mai POS ita ce bankin talaka.

Duk waɗannan ba sa buƙatar lambar gida ko sunan titi. Adireshi a nan shi ne sunan shiyya da sunan mai gida da wata alama da kowa ya sani: bayan masallacin Juma'a, kusa da rijiya, gidan da ke da darbejiya biyu a ƙofa. Kamfanin da ya dogara da taswirar waya zai ɓata a lungu na farko, amma yaron unguwa ɗan shekara goma zai kai mutum har zaure. Abin da ke sa kayan su isa kuwa shi ne sanayya. Direban ɗan garin ne, ko yana da mata a can, ko gobe ma zai biyo hanyar. Mai shagon yana sallah a sahu ɗaya da mahaifin mai aike. Idan ya ci amana sau ɗaya, kafin mako labari ya zaga, kuma kasuwarsa ta mutu. Tsoron zubewar mutunci yana yin aikin da takardar yarjejeniya da kotu ke yi a wasu wurare, da sauri kuma ba tare da lauya ba.

Akwai wata fa'ida da ba a cika ambata ba. Idan aka sayi kayan barka a Abuja aka ɗora a mota, ribar ta tsaya a Abuja, ga kuɗin mota ga haɗarin hanya. Idan aka tura kuɗin aka saya a Wurno, mai shago ya samu, ɗan kabu-kabu ya samu, mai goro ya samu. Kuɗin ɗan cin rani ya zaga hannu uku ko huɗu a garinsu kafin ya fita.

Inda igiyar ke tsinkewa

Tsarin nan ba ya buƙatar abu mai yawa, amma ɗan abin da yake buƙata shi ne aka yi ta rasawa a shekarun nan. A watan Yulin 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni da ƙauyukan kewaye a ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe fiye da mutum 30, dubbai suka gudu zuwa Gandi. Wanda aka raba da garinsu ya rasa gona da rumbu, ya kuma rasa adireshinsa, domin adireshin nasa maƙwabta ne da suka san shi, ga su sun watse. Ɗansa da ke Legas sai ya fara da tambayar inda mahaifiyarsa take kwana kafin ya yi maganar abin da zai aika mata.

A watan Satumban 2021 gwamnatin Jihar Sakkwato, a ƙoƙarinta na datse wa 'yan bindiga hanyoyin samun kaya da labari, ta rufe hanyar Marnona zuwa Isa, ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14, ciki har da Rabah da Goronyo. Niyyar a fili take, kuma babu mai hankalin da zai raina nauyin da ke kan masu yanke irin wannan shawara. Sai dai layin da ɗan bindiga ke amfani da shi, shi ne layin da direba ke kiran mai karɓar saƙo, shi ne na'urar mai POS ke aiki da shi. Rana ɗaya hannuwan nan uku suka shanye. Mutane suka koma yin doguwar tafiya a kan hanya mai haɗari don kawai su sami inda waya ke shiga. Ranar Lahadi 17 ga Oktoban wannan shekara, layukan suna katse, aka kai hari kasuwar mako ta Goronyo, aka kashe fiye da mutum 40. Bayan harin gwamnatin jihar da kanta ta nemi a maido da layukan.

A farkon 2023 canjin takardun naira ya kawo ƙarancin tsabar kuɗi. Ɗan cin rani ya tura, saƙon shigar kuɗi ya zo, amma mai POS ba shi da abin da zai bayar, ko kuma sai an yanki kaso mai ciwo. Mai sayar da hatsi a kasuwar ƙauye kuwa tsaba ya sani. Bayan 'yan watanni, a ranar 29 ga Mayu, aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kuɗin saƙo ya bi shi. Waɗannan matakai an yanke su ne a Sakkwato da Abuja saboda dalilan da suka shafi tsaro da tattalin arziki, amma a ƙofar gidan Inna sakamakonsu iri ɗaya ne: abin da ɗanta ya aiko bai iso ba, ko ya iso ya ragu.

Rashin tsaro ya canza har yanayin kyautar kanta. Damin fure kyauta ce ta nunawa, an yi ta ne don maƙwabta su gani. A yankin da masu kai wa 'yan bindiga labari ke lura da gidan da ake yawan sauke wa kaya, kyautar da ta fi ita ce wadda ba ta da ƙara. Gidan da aka san yana da ɗa mai samu a birni yana iya zama abin hari don kuɗin fansa. Saboda haka mai hankali yakan raba aikensa kashi kashi, ya bi ta hannun wanda ya yarda da bakinsa. Duk mai tunanin kawo motar kamfani mai fenti da tambari ta riƙa tsayawa a ƙofar gidajen mutane a irin wannan wuri, bai fahimci halin da ake ciki ba.

Aibin tsarin sanayya

Adalci ne a faɗi cewa tsarin yana da nasa rauni, ko da an sami zaman lafiya. Sanayya tana yi wa ɗan gari aiki, amma baƙo fa? Malamar asibiti da aka turo aiki Rabah daga wata jiha, ko ɗan hidimar ƙasa da aka kai Goronyo, danginsu ba su da abokin makarantar allo da za su kira. Haka matar da ke son taimaka wa mahaifiyarta ba tare da maganar ta bi ta kunnen mazan gida ba, ko saurayin da bai shirya gari ya san inda zuciyarsa ta karkata ba. A tsarin da kowa ya san kowa, sirri yana da tsada.

Sannan idan kaya suka ɓata, mafi yawan lokuta haƙuri ake bayarwa. Babu takarda, babu shaidar abin da ke cikin kwalin, kuma kunya tana hana mai kaya matsa wa direban da ya san iyayensa. Alhali fiƙihun Malikiyya da ake bi a ƙasar bai bar wannan babi a buɗe ba. Mai riƙon ajiya ba ya biyan abin da ya salwanta sai in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyakar da aka yi masa. Mai dakon kayan abinci da lada kuwa, malamai sun ɗora masa biya idan ya ce kaya sun salwanta ba tare da shaida ba, saboda abinci abu ne da hannu ke saurin kai wa. Ƙa'idar tana nan a littattafan da ake karantawa a zaurukan Wurno, aiki da ita a tasha ne ya yi ƙaranci. Shi ma direban yana cikin haɗari, domin kwalin da ya karɓa a rufe yana iya ɗauke da ƙwaya ko harsashi, kuma a shingen bincike shi za a kama.

Abin da ya dace a yi

Gyaran farko a tasha yake, kuma ba ya cin kuɗi. Reshen ƙungiyar direbobi ta NURTW a kowace tasha yana iya ajiye littafin saƙo: sunan mai aike, lambar mai karɓa, abin da ke ciki bayan an buɗe a gaban shaida, ƙimarsa, da sunan direban da ya ɗauka. Wasu manyan tashoshi suna yin irin wannan, abin da ya rage shi ne ya zama ƙa'ida har a ƙananan. Idan aka ware ɗan wani abu daga kuɗin kowane saƙo aka tara, za a sami abin biyan wanda kayansa suka salwanta ba tare da an kai ruwa rana ba. Littafin yana kare direba kamar yadda yake kare mai kaya, kuma yana buɗe wa baƙo ƙofar da sanayya ta rufe masa.

Matasa masu ilimin kwamfuta da ke son shiga harkar suna da wurin zama, muddin sun ɗauki darasin 'yan tsakiyar Amurka. Abin da ake buƙata shi ne jerin amintattun masu shaguna na kowane gari, da farashi a fili, da hoton kaya ta WhatsApp kafin a kai da bayan an kai, da lada kaɗan wadda kowa ya sani. Wanda zai zauna a Abuja ya yanki kaso mai tsoka, ya bar wa ɗan kabu-kabu haɗarin hanya, ƙari ne a kan matsala. Kuma jerin gidajen da ake aika wa kuɗi da kaya amana ce mai nauyi, domin idan ya faɗa hannun da bai dace ba, rayuka ne a ciki.

Hukuma kuwa, abin da ake nema gare ta shi ne ta riƙa lissafa wannan hanya ta saƙo a cikin abubuwan da rayuwar jama'a ta rataya a kansu, daidai da asibiti da rijiya. Kafin a katse layin waya ko a rufe kasuwa, a tambayi gida nawa ne abincinsu na wata ke zuwa ta wannan layi, a sa wa matakin wa'adi, a kuma auna ko ya biya buƙata. Tsaron hanyar Sakkwato zuwa Goronyo a ranar kasuwa, da hanyoyin da ke shiga ƙauyukan Rabah, ya fi kowace manhaja amfani ga mai aike da mai karɓa.

Wanda kuma ransa ke son fure dai, babu laifi a kansa. Al'ada tana canzawa, fina-finan Indiya da na Kano sun daɗe da sa wa matasa sha'awar miƙa fure, kuma ƙamshi abu ne da addini ya yaba. Amma ƙasar da zafinta ke kashe yankakken wardi cikin sa'o'i tana karɓar dashe. Ɗan itacen lalle ko mangwaro ko zogale a cikin leda yana jure tafiyar mota, kuɗinsa kaɗan ne, kuma idan aka dasa shi a tsakar gida ranar suna, yarinyar da aka haifa za ta girma ta sha inuwarsa. Irin wannan oda mai shagon bakin kasuwa zai iya cika ta, in an ba shi kwana biyu.

Ma'aunin ci gaban wannan harka a Wurno da Rabah da Goronyo ba sai an je nesa neman sa ba. Ɗa ya tura da hantsi, hanya lafiya, layi yana shiga, kasuwa tana ci, kafin a kira magariba wayarsa ta yi ƙara ya ji muryar Inna tana cewa saƙo ya iso, Allah ya yi albarka.